Hular Malam Ilu a Sheƙar Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

An yi wani tsohon malamin makaranta, sunansa Malam Ilu. Da ya ajiye alli, sai ya mai da tabarmarsa bayan gida, ƙarƙashin wata tsamiya, yana kallon tsuntsaye. Ya san lokacin zuwan kowa da lokacin tafiyarsa. Wanda ya makara kuwa, sai ya sha faɗa.

Ranar Larabar da aka yi yayyafin farko aka yi masa laifi. Matarsa Tabawa ta wanke masa hularsa ta zuwa Juma'a, ta kife a kan turmi ta bushe. Shamuwa ta iso daga kudu a gajiye, ta ga abu mai laushi, ta sure, ta shimfiɗa a sheƙarta can saman tsamiyar.

Malam ya ɗauko gora zai zunguro hular. Tabawa ta riƙe hannunsa, ta tuna masa ba a taɓa sheƙar shamuwa, wanda ya taɓa, ruwa ya tsallake gonarsa. Ya jingine gorar, ya ɗaga kai ya ce, "Shamuwa, hulata, da ban haƙuri a gaban jama'a."

Shamuwa ta ce ƙwai ne a ciki, ya bari a ƙyanƙyashe.

Ya bari. Kullum yana ƙarƙashin tsamiya, wai gadin hularsa yake. Da maciji ya nufi sheƙar, shi ya kore shi da gorar nan.

Aka ƙyanƙyashe. Ya ce, "Shamuwa, hulata, da ban haƙuri a gaban jama'a."

Ta ce 'ya'ya ne a ciki, ya bari su yi fiffike.

Ya bari. Gero ya yi tsawo, belbelu suka cika fadama. Malam na kallon 'yan shamuwa suna koyon tashi, yana yi musu gyara: wannan ya cika gaggawa, wancan malalaci ne. Tabawa ta ce rabon da ta ga yana cin tuwo da daɗi haka tun yana koyarwa a aji.

Kaka ta yi. Wata safiya shamuwa ta sauko har bakin tabarma, ta ajiye hular, duk ta yage, ga kashi, ga gashi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, yau za mu koma. Ka yi haƙuri, mun ci amfanin hularka."

Malam ya ji sanyi a ransa, amma ya murtuke. Ya ce laifin da zakara da ƙadangare suka gani ba a wanke shi a ɓoye. Ta jira ya kira mai unguwa da liman.

Ta ce iska ba ta jiran mai unguwa.

Ya ce ta jira dai. Ya sa hular a haka ya fita. Mai unguwa na karin kumallo, liman ya tafi gona, sai da rana ta take ya tattaro su. Suka tarar da tsamiya wayam. Can sama, shamuwoyi suna kewaye kamar hayaƙi, suka miƙa kudu.

Liman ya dubi hular, ya danne dariya, ya ce Allah ya kai su lafiya. Malam ya ce amin tun kafin ya ankara.

To yara, in haƙuri ya zo ƙofarka, karɓe shi da zafinsa, kada ka tafi neman masu shaida. Malam Ilu dai ya gaya wa mai unguwa ya riƙe maganar: baɗi, ranar da shamuwa ta sauka, a tara gari a bayan gidansa ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓeran rumbu.