Lomar Ranar Gayya

Akwai wani mutum mai gonaki da iyali, wanda Allah ya ba shi wadata, ya kuma haɗa masa da son abinci. Shekara tana bin shekara jikinsa yana ƙaruwa, har gwiwoyinsa suka gaza ɗaukarsa. Ciwon suga ya kama shi, hawan jini ya biyo baya. Daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. A majami'a ma in an ce a miƙe a yi waƙa, kafin ya gama miƙewa an kai baiti na biyu.

'Ya'yansa suka kai shi wani babban asibiti a birni. Likitoci suka yi masa aiki, suka rage masa tumbi, suka ɗinke abin da ya saura. Da za a sallame shi, likitan ya ce masa, "Baba, cikinka yanzu bai fi ɗan ƙaramin kofi ba, ɗinkin kuma ɗanye ne. Har ka dawo in duba ka, kada ka haɗiyi kome sai abu mai ruwa. Loma ɗaya ta tuwo tana iya farke ɗinkin nan. In kuwa ya farke, yana iya zama ajalinka."

Mutumin ya ce, "Na ji, likita."

Ya koma gida. Matarsa takan dafa kaza ta tace romon, ta dama kunu tsululu, ta kawo masa a kofi. Yakan kurɓa kaɗan kaɗan, nan da nan ya ƙoshi. Yunwa kam ba ya jinta. Abin da ya dame shi baki ne. Haƙoran da suka shekara hamsin suna tauna ba su yarda an sallame su daga aiki ba. In ya ji ƙarar turmi daga gidan maƙwabta, ko ƙamshin daddawa ya ratso ɗakinsa, sai yawunsa ya tsinke, ransa ya ɓaci, ya yi ta yi wa mutanen gida faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Sai ya samo wa kansa dabara. Da ya ga an hura wuta a madafa, yakan ɗauki sandarsa da kofinsa da ɗan damin rama, ya tafi gindin wata tsamiya da ke ƙarshen unguwa, inda ƙamshi ba ya kaiwa. Can yakan zauna yana tufka igiya, yana kurɓar romo, yana addu'a. A nan ya lura da wani abu: kwaɗayin yakan taso, ya yi ƙarfi kamar zai kashe shi, sa'an nan ya lafa da kansa. Bai taɓa kashe shi ba. Jikinsa ya soma sauƙi, har ya iya zuwa tsamiyar ba tare da ya huta a hanya ba.

Ana nan kaka ta yi, dawarsa ta nuna, shi kuwa ba shi da ƙarfin girbi. Maƙwabtansa suka ce za su yi masa gayya, su taru su girbe masa. Al'adar garin kuwa ita ce, mai gona shi ke ciyar da waɗanda suka zo aiki, ya zauna tare da su, shi ne kuma yake fara sa hannu a akushi. Saboda haka aka yanka bunsuru, matarsa ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, gida duka ya gauraye da ƙamshi.

Matarsa ta gan shi yana neman takalminsa, ta ce, "Maigida, ka yi zamanka, ko ka tafi tsamiyarka. Ƙanenka zai tsaya maka. Kowa ya san halin da kake ciki."

Ya ce, "Mutane su bar aikinsu su zo gonata, ni kuwa in ɓuya? Ai abin kunya ne. Sannu kawai zan je in yi musu."

Ta ce, "To, ga kofinka."

Ya ce, "Bar shi, ba daɗewa zan yi ba." Ya sa takalminsa ya fita.

Da rana ta take, aka kawo abinci, ma'aikata suka taru a inuwa. Aka buɗe akusa, tururi ya tashi. Ba wanda ya sa hannu, domin ga mai gona a zaune. Sai amininsa, wanda suka taso tare tun suna samari, ya tura masa akushi ya ce, "Mai gona, sa mana albarka. Ko ɗan taɓawa ka yi."

Ya ce, "Likita ya hana ni." Amma idonsa yana kan naman.

Aminin ya ce, "Ai ba ci za ka yi ba, al'ada za ka cika."

Sai ya wanke hannu. Ya ɗebi 'yar loma ya haɗiye. Ya ƙara ta biyu, wadda al'ada ba ta tambaye shi ba. Ya ɗauki tsoka guda. Kafin ma'aikata su ƙoshi, gumi ya karyo masa, ya dafe ciki ya kife. Aka watsar da girbi, aka sa shi a mota sai birni. Ɗinkin ya farke, aka sake yi masa aiki, da ƙyar ya sha. Dawar da aka yanka ta yi kwanaki a ƙasa, awaki da gara suka ci rabonsu. Shi kuwa ya koma farko, sai ruwa ake ba shi a cokali.

Da ya dawo gida, aminin ya zo gaishe shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka gafarce ni, ni na jawo maka."

Mutumin ya ce, "Na gafarta maka, amma ba duka naka ba ne. Ba a gona na ci lomar nan ba. Tun a gida na ci ta, sa'ad da na sa takalmina na bar kofina."

Ma'anar wannan misali ita ce, mutumin nan shi ne duk wanda Ubangiji ya soma yi wa aiki a zuciya, ya raba shi da wani tsohon hali, ko giya ne, ko caca, ko yawon banza. Ɗanyen ɗinki shi ne sabon tuba, wanda bai riga ya yi ƙwari ba. Tsamiyar nan kuwa ita ce nesanta kai daga jaraba, da yin addu'a, da ba hannu abin yi har sha'awa ta wuce. Takan wuce kuwa, mutumin ya gani da idonsa.

Gayya ba zunubi ba ce, girmama baƙi ma abu ne mai kyau. Amma kwaɗayi ba ya zuwa ya ce, "Ga ni, ni ne kwaɗayi." Yakan ari rigar zumunci ko ta kunya ya sa. Wanda ya bar giya yakan ce gaisuwa kawai zai je ya yi wa tsofaffin abokai a mashaya, ya kuwa yarda da abin da ya faɗa.

Ku kuma masu tura akushi, ku ji. In ɗan'uwa ya ce an hana shi abu, ko likita ne ya hana, ko lamirinsa, kada ku ce masa "ko ɗan taɓawa." Ba ku ga ɗinkin da ke cikinsa ba.

Kowannenmu ya san gonarsa, ya kuma san tsamiyarsa. Kada ka jira sai akushi yana gabanka ka roƙi Allah ƙarfi. Ka roƙe shi tun a bakin ƙofa, sa'ad da kake sa takalmi.