Baƙon Malam Tanimu da Ƙwaryar Kunun Gyaɗa

To, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma kada wanda ya sulale kafin a yanke ta.

A Kwarin Giginya, garin duwatsu da kogunan dutse da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo, an yi wani dattijo mai masaukin baƙi, Malam Tanimu. Sana'ar gadon gidansu ce, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa fitar da baƙo daga zaurensa a makara ba. 'Ya'yansa uku: Barira mai kula da girki, Sagir wanda ya yi karatu a Indiya, da Gambo mai yi wa baƙi jagora cikin duwatsu.

Wata damina sai ga wani ɗalibi daga ƙasar Holan, sunansa Yoris, ya sauka a masaukin. Mutanen gari suka ji sunan ya yi wa harshe nauyi, suka mayar da shi Idi. Bincike ya zo yi a kan yadda Hausawa ke karɓar baƙo. Ya tambayi wannan ya tambayi wancan, har ya gano cewa mayar wa babba ƙwarya ba a taɓa ta ba cin fuska ne. Ashe bawan Allah yana da lalura, jikinsa ba ya shiri da gyaɗa, ko ɗanɗanawa ya yi sai maƙogwaronsa ya kumbura. Bai gaya wa kowa ba, wai kada ya ɗora wa masu gida nauyi. Kun ji ɗan Holan da ya fi mu kunya!

Ranar da ya je gaida dagaci, mahaifiyar dagacin da kanta ta dama kunun gyaɗa, ta miƙa masa a gaban jama'a, ta ce, "Sha, jikana, ai ka zama namu." Idi ya rufe ido ya kurɓa. Da ya ji numfashi ya fara sarƙewa, sai ya yi sallama ya zame bayan duwatsu, don kada ya kunyata tsohuwa.

Barira ba ta taɓa zaman hira da shi ba, amma kwano yana ba mai girki labari. Ta lura duk ranar da ta sa ƙuliƙuli ko miyar taushe, abincin yakan dawo yadda ya tafi, don haka tuni ta daina sa masa. Tana jin an ce ya sha kunun gyaɗa, ta yar da muciya ta fita ko mayafi babu. Ta bi sawun takalminsa cikin taɓo har ta same shi kwance, fuska ta kumbura. Jama'a suka taru suna cewa aljanun dutse ne, a kawo hayaƙi. Ta ce, "Ba aljani ba ne, gyaɗa ce!"

Sagir yana jin haka ya tuna wani ɗalibi da suka zauna ɗaki ɗaya a Indiya, mai irin wannan lalura, wanda ba ya rabuwa da wata allura. Ya sheƙa masauki, ya zazzage jakar Idi, sai ga ta. Da ya dawo da ita, dattawa suka riƙe masa hannu, suka ce, "Yaro, in ya cika a hannunka, kai za a kama." Ya fizge, ya yi bisimilla, ya caka masa a cinya. Idi ya ja numfashi. Sagir ya ce allurar nan sauƙin ɗan lokaci kawai take kawowa, sai an kai shi asibiti.

Ga shi kuwa rafi ya kawo, ruwa ya shanye gada, mota ba ta wucewa. Sai Gambo ya matso. Ya goya Idi da zanen gado, ya bi tsohuwar hanyar mafarauta wadda ta haura saman tsauni ta ɓulla titi, hanyar da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi. Ya zame ya tashi, ƙafafunsa suka tsattsage, amma bai sauke shi ba sai a bayan wata motar hatsi da ta kai su asibiti.

Idi ya warke sarai! Ranar da ya dawo, har kalangu aka buga, mahaifiyar dagaci tana kuka tana dariya, ta dama masa kunun tsamiya. Ya kammala bincikensa ya koma gida, ya ba da labarin garin da aka ceci ransa. Daga nan ɗalibai da masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa, har Malam Tanimu ya ƙara ɗakuna. Sunan zaurensa bai ɓaci ba, sai ma ƙara tashi da ya yi.

Yanzu tsufa ya kama Malam Tanimu, yana so ya miƙa ragamar masaukin, kuma a gidansu mutum ɗaya ake ba. Kada wanda ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na riga ku sani. Barira ce ta gane ciwon, Sagir ya tare shi, Gambo ya kai baƙo ga magani. To, a cikinsu wa ya fi cancanta a danƙa wa mabuɗin zauren?