Bel Ɗin da ke Rataye a Ƙusa

A wani kantin sayar da firji da injin wanki akwai wani ɗan dako da kowa ke kira Giwa, kuma sunan ya dace da shi. In za a hau da firji bene, shi ke shiga ta ƙasa, inda duk nauyin yake sauka, sauran su riƙe ta sama. Da wannan ƙarfin yake ci da iyalinsa, da shi yake taƙama. Aibinsa biyu ne: ba a gaya masa magana ya ji, kuma ba ya iya jira.

Ƙanin matarsa ma a kantin yake aiki. Siriri ne, ana ce masa Tsinke, kuma tun ranar da Giwa ya auri yayarsa jininsu bai haɗu ba. Ko sau ɗaya Tsinke bai taɓa ce masa yaya ba. Sai dai "kai".

Da Giwa ya fara haki a kan matakala, matarsa ta matsa masa har ya je asibiti. Likitar ta ce jininsa ya hau, lallai ya rage ƙiba, amma a hankali.

Ta ce, "Jikinka yana ƙona abinci dare da rana, ko kana barci, don zuciya ta buga, numfashi ya fita. Tsoka ta fi kitse cin wannan wutar. Ka rage kaɗan a kwano, ka bar lemon kwalba, amma kada ka daina ci. In ka hana jiki abinci gaba ɗaya, ba kitse kaɗai zai cinye ba, har da tsokar. Sannan ya rage wutar don ya yi tattali."

Giwa ya gyaɗa kai. A zuciyarsa kuwa cewa yake, me wannan ta sani game da ƙarfi, ita da ba ta taɓa ɗaga ko tukunyar gas ba?

Labarin ya riga shi isa kanti. Washegari ya tarar da Tsinke ya cire nasa bel ɗin ya rataye a ƙusar da ke gefen sikelin auna kaya.

Tsinke ya ɗaga murya don kowa ya ji. "An ce buhu zai rame? To ga bel nan. Ranar da ya rufe a ƙugunka, ranar zan ce maka yaya."

'Yan dako suka fashe da dariya. Giwa ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ya ce, "Sai ka faɗe ta da bakinka, ɗan rainin hankali. A gaban mutanen nan za ka faɗe ta."

Daga ranar ya ɗaura yaƙi da cikinsa. Safe ruwan zafi da lemon tsami, rana ruwan zafi, da yamma ɗan ganye a faranti kamar na zomo. Kullum da ya iso sai ya taka sikelin kaya, ya juyo ya harari Tsinke. Allurar kuwa ta yi ta sauka da sauri, abin ya yi masa daɗi. Sikelin kanti bai san bambancin kitse da tsoka da ruwa ba, nauyi kawai yake faɗa.

A gida matarsa ta ajiye masa shinkafa da wake da dafaffen ƙwai, ya ture da ƙafa.

Ta ce, "Baban yara, ba haka likita ta ce ba. Dubi damtsenka, ya zama kamar na tsoho. Ga zafin nan amma kana lulluɓa da bargo."

Ya daka mata tsawa. "Ke da ƙaninki bakinku ɗaya! So kuke in ji kunya. Kwashe min wannan abin daga gabana."

Ta kwashe, ranta a ɓace.

Can sai allurar ta tsaya cak. Jikin ya rage wuta kamar yadda aka gaya masa. Mai hankali da ya koma asibiti. Giwa kuwa sai ya janye har ɗan ganyen. Ya koma mai saurin fushi, yana zagin direba, yana zagin abokan ciniki, in ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi ya dafa bango. Mai kanti ya ce ya koma riƙe ta sama kafin ya warware, Giwa ya ce Allah ya kiyaye, wurinsa ba na gado ba ne da za a ba wani yana raye.

Wata safiya ya sauko da bel ɗin, ya ja numfashi ya shanye ciki, ya ja, ya ja, har ƙarfen ya shiga ramin ƙarshe. Aka yi ta tafi. Tsinke ya haɗe fuska ya ce mota na jira, in an dawo a yi maganar.

Kayan ranar wani ƙaton firji ne mai ƙofa biyu, gidan kuma bene ne mai ƙuntatacciyar matakala. Giwa ya shiga ta ƙasa, bel ɗin na ƙugunsa. Tsinke na sama. Sun kai kwanar matakala sai Giwa ya ji nauyin ya sauko masa gaba ɗaya. Ya nemi ƙarfin da ya saba samu, ya tarar babu. Idonsa ya yi duhu.

Tsinke ya yi ihu, "Riƙe mana! Kai, riƙe!"

Firjin ya zame ya danne shi, gwiwarsa ta yi ƙara. Tsinke da ya ƙi saki ya biyo kayan, kafaɗarsa ta goce.

A asibiti almakashi aka sa aka yanke bel ɗin. Tsinke ya shigo hannunsa rataye a wuya, ya tsaya a bakin gado ya daɗe yana kallon ƙafar da aka naɗe.

Ya ce, "Sannu, yaya." Ya juya ya fita.

Giwa bai sake hawa bene da kaya ba. Mai kanti ya tausaya masa ya ba shi kujera a bakin ƙofa yana duba masu shiga. Da ya koma cin abinci, jikin da aka koya wa tattali ya riƙa ajiye duk abin da ya samu. Nauyin ya dawo har da ƙari, amma kitse ne ya dawo, tsokar ba ta biyo shi ba. Wani saurayi ne ke shiga ta ƙasa yanzu, kuma kullum ta gaban kujerar Giwa yake wucewa da kaya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, jiki yana da tsarinsa, ba a yi masa tsawa ya bi. Wanda zai rage ƙiba ya rage ci da hankali, ya motsa jiki, ya kula da tsokarsa, ya saurari masu ilimin lafiya, ya kuma yi haƙuri. Kada gorin wani ya zama likitanka. Shi ma mai gorin ya sani, in kayan suka zame, ba wanda ke ƙasa kaɗai suke ji wa ciwo ba.