Wa Zai Maƙala Wa Clotaire Lambarsa?

Akwai wani mutum a ɗan tsibirinmu da ke gefen Gwadalup, wani yankin Faransa da ke can tsakiyar teku, sunansa Clotaire Bélizaire. Shi ne mai jiragen ruwa biyun da ke kai mu babban tsibiri su dawo da mu. Shi ne kuma mai gidan ƙanƙarar da masunta ke ajiye kifi. Da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka tarar da mai cin abinci a ƙarƙashinsa ba. Ya san da haka, kuma ba ya bari kowa ya manta.

A watan Mayu sunansa ya fito a jaridar gwamnati, cikin waɗanda Faransa ta ba lambar yabo ta ƙasa, mai shuɗin ƙyalle. An ce ya yi shekara talatin yana hidimar jigilar jama'a. An kuma ce shi ne ya ceto mutum goma sha ɗaya a shekarar babbar guguwa.

Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Kwale-kwalen da aka yi ceton da shi nasa ne, babu musu. Amma safiyar da teku ta shanye unguwar bakin ruwa, mutane suna kan rufin makaranta suna ihu, Clotaire yana cikin coci a kan tudu ya ƙanƙame benci. Wanda ya kwance kwale-kwalen ya faɗa ruwa wani masunci ne mai yi masa aiki, sunansa Sylvère. Sawu uku ya yi. A na ukun igiya ta naɗe masa hannun dama, ta tafi da yatsu uku.

Bayan kwana biyu ɗan jarida ya iso yana tambayar mai kwale-kwalen. Clotaire ya gyara kwalar riga ya tsaya a gefensa, aka ɗauki hoto. Sylvère yana kwance a ɗakin shan magani, zazzaɓi na nema ya kashe shi.

Duk garin an san wannan. Amma wa zai yi magana, ɗansa na aiki a jirgin mutumin? Shi kansa Sylvère bai taɓa buɗe baki ba. Da hannun ya kasa jan taru, Clotaire ya sallame shi. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zaune ƙarƙashin bishiya a bakin tashar jirgi, yana ɗinke wa mutane taru da abin da ya rage masa na yatsu.

A wurinmu mutum ne ke sayen lambarsa da kansa. Clotaire ya yi odar tasa daga Paris. Ranar da ta iso, ya tsaya gaban madubi ya maƙala ta a ƙirji, yana juyawa hagu da dama.

Matarsa Hortense ta leƙo ta ce, "Cire abin nan, maigida. Ka fi ni sanin doka. Sai an yi taro, wani mai irinta ya maƙala maka da hannunsa, sannan ta zama taka."

"Ɗan sanda ne zai shigo ɗakin kwanana?"

"Ni dai na faɗa maka."

Ya cire yana tsaki. Ya rubuta wa wakilin gwamnati da ke babban tsibiri, aka ce masa sai baɗi. Ya rubuta wa wani tsohon babban soja, aka ce yana Faransa neman magani. Wata biyu suka wuce, lambar na cikin akwatinta, shi kuwa kamar ya yi hauka.

Hortense ta ce, "To ga Man Léocadie nan a bayan coci. Ita ma tana da irinta."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wannan tsohuwar? Ni Clotaire?"

Amma duk tsibirin ita kaɗai ce mai lambar. Man ɗin, wato Mama a yarenmu, tsohuwar nas ce, shekararta tamanin da ɗaya, rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Ita ce kuma ta ɗinke hannun Sylvère a wancan lokacin. Clotaire bai manta da haka ba. Ya dai ɗauka tsufa ya mantar da ita.

Ya same ta a barandarta tana ɓarar wake. Ko kujera ba ta nuna masa ba.

"Mama, barka da hutawa."

"Clotaire ɗan Philomène. Yau kuma ka gane hanyar gidana? Ko ciki ne ya ɓaci?"

Ya yi murmushin yaƙe, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ci gaba da ɓarar wake, yana faɗawa kwano. Sannan ta ce, "Ka san yadda ake yi ko? Kafin a maƙala, mai maƙalawa ke tashi ya gaya wa jama'a abin da mutum ya yi."

"Kada wannan ya dame ki, Mama. Zan rubuto miki komai, da manyan haruffa."

"Rubuto. Amma ni abin da na sani nake faɗa. Na wuce shekarun yin ƙarya, ɗan nan, kabarina na gani daga nan."

Ta ɗago ido ta dube shi. "Kana da lokaci. Ka je ka zauna da Sylvère. Ka faɗi gaskiya da bakinka kafin ranar, ni kuma zan maƙala maka saboda jiragenka, da farin ciki. Aikin jiragen naka ne, babu mai ƙwace maka shi."

Ya dake. "Wane Sylvère? Maganar shekara ashirin da wani abu? Haba Mama."

"Shi ke nan. Ja mini ƙofar lambun idan za ka fita, awaki na shigowa."

A hanya ya ce wa kansa rigimar tsufa ce kawai. Ranar da ta ga magajin gari da fadan coci da mutum ɗari biyu sun zuba mata ido, za ta karanta abin da aka ba ta, ta zauna. Duk garin nan an yi shiru shekara ashirin da biyu, ita ce za ta fi kowa baki?

Ya aika da sunanta Paris, izini ya zo. Aka sa rana, Asabar ta ƙarshen Agusta, a zauren magajin gari.

A makon bikin, yanayin gari ya canza. Iska ta ɗauke ɗif, zafi ya danne mutane kamar an rufe tukunya. Teku ta kwanta lumui, amma can ƙasa tana wani irin gurnani. Tsuntsayen ruwa suka baro gaɓa suka cika rufin coci. Rediyo ta ce wata guguwa na haɗuwa a gabas, ba a san inda za ta dosa ba tukuna. Tsofaffi suka fara buga katako a tagogi.

Clotaire ya kasa cin abinci sosai. Duk wanda ya gaishe shi, sai ya ga kamar ya daɗe yana kallonsa.

Ranar Juma'a Hortense ta ce, "Don Allah ka je ka ga mutumin nan. Minti goma. Tsohuwar nan ba ta wasa, ni jikina ya ba ni."

Ya je kuwa. Ya tarar da Sylvère a ƙarƙashin bishiyarsa, taru a shimfiɗe kan gwiwa. Ya tsaya a kansa, maganar ta zo masa har maƙogwaro. Sai ya ga masu dakon kaya biyu suna kallo.

Ya ce, "Kai, kwashe tarkacen nan. Gobe baƙi za su sauka a nan."

Sylvère ya dubi tarun, ya dube shi. "To, Yallaɓai."

Ya naɗe kayansa a hankali ya saɓa a kafaɗa ya tafi.

Asabar da azahar sama ta yi jawur kamar ruwan tsatsa. Zaure ya cika maƙil. An jera ƙosan kifi da shinkafa da jan wake da miyar akuya, ga kwalaben giyar rake. Clotaire ya sha farar kwat, gumi na bin bayansa. Lambar na kan ɗan matashi a tebur.

Man Léocadie ta shigo da sandarta, tata lambar a ƙirji. Magajin gari ya yi gajeren jawabi ya miƙa mata wuri.

Ta ɗaga takardar da Clotaire ya rubuta, ta kai ta kusa da ido, ta nisanta ta, sannan ta kife ta a kan tebur.

Ta ce, "Clotaire ya yi shekara talatin yana kai ku yana dawo da ku, bai taɓa kifar da kowa ba. Wannan na shaida."

Aka tafa. Clotaire ya saki numfashi.

"Saura maganar guguwa. Ni ba na kan rufin makaranta ranar. Amma akwai waɗanda suke. Ku tashi in gan ku."

Wata taga ta bugu da kanta, mutane suka zabura. A hankali mutum ɗaya ya miƙe, sai wani, sai wata. Bakwai suka tsaya, sauran huɗun sun riga mu gidan gaskiya.

Tsohuwar ta nuna wata mai sayar da burodi da sandarta. "Rosemonde. Ni na yanke miki cibiya, kada ki yi mini ƙarya. Hannun wa ya jawo ki cikin kwale-kwale?"

Rosemonde ta dubi Clotaire. 'Ya'yanta biyu a jirginsa suke aiki, kowa ya sani. Clotaire ya kafe ta da ido, irin kallon da ya saba yi wa mutane su sunkuyar da kai.

Ba ta sunkuyar ba. Ta ce, "Sylvère ne, Mama. Jininsa ya ɓata mini riga. Har yau rigar tana nan."

Ta fashe da kuka. Na kusa da ita ya ce, "Sylvère ne." Na bayansa ma haka. Har aka zo kan na bakwai, babu wanda ya faɗi wani suna.

Clotaire ya dubi jama'a. Ya buɗe baki ya ce, "Kwale-kwalen ai nawa ne."

Wani daga baya ya ce, "To a maƙala wa kwale-kwalen!"

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Man Léocadie ta ɗauki lambar, ta mayar da ita akwatinta, ta rufe, ta sa masa a hannu. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Na ba ka wata guda, ɗan nan. Ba zan tsaya in maƙala maka da sunan ƙasa a kan ƙarya ba. Ka nemi wani."

Ta juya ta fita tana dogara sanda. Jama'a suka bi bayanta, kowa na cewa zai je ya ɗaure rufinsa. Cikin ɗan lokaci zaure ya zama wayam, sai shi da Hortense da tukwanen abincin da ba a taɓa ba.

Guguwar ta kauce, ta bi ta arewa, ruwa kawai muka sha. Amma labarin ya haye teku kafin jirgin Litinin. Clotaire ya sake rubuta wa masu lambar a babban tsibiri, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce ba su da lokaci. Wasu ko amsa ba su ba shi ba. Sunansa na nan a jarida, lambar na nan a akwati, ba shi da ikon sa ta ya fita ko ƙofar gida.

Bai kori 'ya'yan Rosemonde ba. Ba don kirki ba ne, ya dai gane cewa ranar da ya taɓa su babu mai hawa jirginsa.

Bayan mako uku ya shiga shagon burodi, ya ga wasu takardu a kan teburin shagon da biro ɗaure da zare. Doka ta ba talakawa dama, idan mutum hamsin suka sa hannu, su gabatar da wanda suke ganin ya cancanci lambar ƙasa. Sunan Sylvère ne a sama.

Rosemonde ba ta ɓoye takardun ba. Ya ja su ya duba. Hamsin ake nema, shi kuwa ya ga shafi bayan shafi. Ga direbobin jiragensa, ga masu aikin gidan ƙanƙararsa, ga fadan coci.

A shafin farko, layi na huɗu, ya ga rubutun da ya fi sani a duniya. Hortense Bélizaire.

Ya sake karanta sunan. Sannan ya ajiye takardun ya fita, ya bar burodin da ya zo saya a kan tebur.

Darasi: Shirun da mutane ke yi maka don tsoro ba yarda ba ce, jira suke yi. Kada ka ɗauki yabon da gumin wani ya jawo, kuma idan aka ba ka damar gyara kuskurenka a ɓoye, ka yi maza ka gyara kafin a gyara maka shi a bainar jama'a. Idan ka san wani Sylvère a unguwarku, ka faɗi sunansa tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda ke da sauran lokacin zuwa ya nemi gafara.