Ƙunshin Tsutsar Tsamiya

An yi wani gidan gara a bakin rafi da ciwon gado ya addaba. Duk 'ya'yan da sarauniyarsu ta haifa sai su fito da haƙora lagwai-lagwai, ko busasshiyar ciyawa ba sa iya taunawa. Abin tausayi, gida ya kama hanyar ƙarewa.

A tsallaken rafin akwai Hawainiya, likitar dajin. Ta haɗa magani siriri kamar gashi, sili biyu tak.

"Wannan zai gyara abin da suka gada," in ji ta. "Amma ruwa na narkar da shi, kuma sai a ɗakin sarauniya zai yi aiki. Wa zai kai?"

"Ni mana!" in ji Ƙaguwa, sarkin fankama. "Abin da na damƙe ba ya kuɓucewa."

Tsutsar Tsamiya mai yin zaren siliki, mai haƙuri, ta ce, "Yaya Ƙaguwa, bari in naɗe miki shi da zarena."

"Ke rufe mana baki! Da wannan ɗaurin naki sako-sako?"

Ƙaguwa ta cafke sili ɗaya, ta ɗaga shi sama, ta haye ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. A ƙofa dogaran gara suka ce, "Sannu, Baiwar Allah. Miƙo mu shigar."

"In miƙo? Sai an buga mini ganga tukuna!"

Dogarai suka ja, ta ƙara matsewa. Ƙas! Magani ya tsinke. Suka rufe ta da cizo, ta arce cikin rafi tana tafiyar karkace.

Saura sili ɗaya. Tsutsa ta naɗe shi da zarenta, ta haye a kan ganye. Ta shafe ƙunshin da ƙasar gidan gara, dogarai suka shinshina suka ji nasu ne, suka shige da shi.

"Ba ki ƙulle bakin ba!" Ƙaguwa ta yi ihu daga ruwa.

"Da gangan ne, Yaya."

Da ƙunshin ya ji ɗumin ɗakin sarauniya, sai zaren ya warware da kansa, sarauniya ta haɗiye maganin. Kafin damina ta wuce, sai ga ƙananan gara sun fito suna gurgurar itace ƙurus-ƙurus. Hawainiya har da hawayen murna.

Darasin wannan labari shi ne, mai ɗaukar amana ya iya riƙo, ya kuma iya saki idan ya iso. Irin wannan ƙunshi masana ke ƙoƙarin haɗawa a yau, don ya kai maganin ciwon gado can cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam, ya sake shi a inda ake jiransa.