Famfon Da Aka Bari A Rufe

An yi wani mutum a nan garinmu na Kotka, bakin teku, ƙasar sanyi. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Yana da ɗan jirgin ruwa na shan iska kamar kowa, kuma a filin ajiya jirginsa kullum yana gefen na Aulis, maƙwabcinsa da suka tashi tare tun suna yara.

Abu ɗaya ke cinsa a rai. Duk wanda injinsa ya ƙi tashi, Aulis yake nema. Duk wanda igiya ta gagara, Aulis. Shekara talatin mutumin nan yana haɗiye wannan, yana murmushi.

Wata Asabar a cikin Oktoba aka yi gayyar fitar da jirage kafin teku ta daskare. Injin ɗaga kaya yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya, maza suna girke su a kan katako, ana wanke gindinsu, ana rabon kofi da miyar wake mai zafi. Mutumin ya gama ɗaure tamfol ɗinsa ke nan sai Aulis ya zo ya ja igiyar da yatsa ɗaya.

"Mutumina, wannan jirgi ka rufe ko kyautar Kirsimeti ka naɗe? Iskar farko za ta kai tamfol ɗin nan Estoniya, can ƙetaren teku."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

Can da rana Aulis ya dafe ƙugu ya ce, "Bayan nan nawa ya ƙi. Taimaka ka hau ka ciro mini batir, mu rufe mu tafi."

Mutumin ya hau tsani ya shiga jirgin Aulis. Yana sunkuyawa idonsa ya faɗa kan famfon da ke gindin jirgin, wanda ruwan teku ke bi ya sanyaya inji. A rufe yake. Ya 'yan uwa, wane ne a cikinku bai san wannan ba? Idan an fitar da jirgi, buɗe famfon nan ake yi ruwan cikinsa ya tsiyaye. In an bar shi, ƙanƙara ta kumbura a ciki ta tsaga ƙarfen. Gwanin gwanaye ya manta, ciwon baya ya ɗauke masa hankali.

Juya hannun famfon bai kai buɗe murfin kwalba wuya ba. Mutumin nan ya dube shi, ya ɗauke kai.

Daga ƙasa Aulis ya ce, "Komai daidai a ciki?"

"Daidai," in ji shi.

Ku lura, ba kisa ya nufa ba. Wallahi ba kisa ya nufa ba. Abin da Shaiɗan ya zana masa ɗan ƙarami ne. Ranar mayar da jirage, jirgin Aulis ya yi yoyo a gaban jama'a, a sake tsamo shi, a yi masa dariya sau ɗaya tak. Shi ke nan.

Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta binne filin. Wata bakwai jiragen suna kwance. Wata bakwai mutumin yana zuwa kakkaɓe dusa daga tamfol ɗinsa, yana wuce na Aulis. Duk Asabar tare suke wankan tururi, gwiwa na gugar gwiwa. Sau nawa maganar ta zo masa baki? Kafin ƙanƙara, faɗa gyara ne. Bayan ƙanƙara ma ai kalma biyu ce, duba famfonka. Amma kowace rana da ta wuce sai faɗar ta ƙara nauyi, don za a tambaye shi tun yaushe ya sani.

A watan Mayu aka mayar da jirage. Mutumin ya tsaya a bakin gadar da jirage ke tsayawa yana jira. Jirgin Aulis ya sauka, ya zauna daram, ko ɗigo babu. Tsagar tana nan, siririya, ba ta buɗe ba tukuna. Mutumin ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa, ashe ma ba abin da ya faru. Ya koma gida ya ci abincinsa.

Kwana uku bayan haka Aulis ya tafi tsibiri shi kaɗai don ya buɗe ɗan gidansu na hutu. Iska ta taso, jirgi yana dukan igiyar ruwa, famfon ya rabe biyu. Ruwan Mayu kun san shi, sanyinsa ba ya ba mutum lokaci. Masu ceto sun tsamo jirgin, sun tsamo gawar Aulis.

Kuna tsammanin asirinsa ya tonu? Ina. Da ya tonu da ya fi masa sauƙi.

Raili, matar marigayin, ita ta roƙe shi ya kama akwatin gawar ta gaba. A wurin zaman makoki ta riƙe hannunsa ta ce, "Maƙwabci, kai ne na ƙarshe da ya shiga jirgin nan. Na san da idonka ya kai wurin, da yau Aulis yana zaune a nan." Ya gyaɗa kai. Da kaka ta zagayo, ƙungiyar masu jirage ta ce daga yau kowane jirgi sai mutum na biyu ya duba famfonsa kafin a rufe, kuma shi suka zaɓa. Yau ga shi kowa shi yake nema. Abin da ya yi shekara talatin yana kwaɗayi ya samu, ya zame masa garwashi a hannu.

Bai sake shiga teku ba. Jirginsa ya shekara goma sha ɗaya a kan katako har ya ruɓe. Ya daina cin abinci da iyalinsa, ya daina hira, matarsa ta gaji da zama da bango ta koma wurin 'yarsu. Shi da bakinsa ya ba ni labarin nan, a kan benci a bakin filin, ya rame kamar sanda. Na ce masa, tashi ka je wurin Raili tun yau. Ya ce sai ya shirya. Ya ƙara shekara biyu yana shiri.

Ran da ya je, tana gidan tsofaffi, mantuwa ta cinye ta. Ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga batir har famfo, yana kuka. Ta saurare shi da fara'a har ya gama.

"Ba komai, bawan Allah," ta ce. "Kai ne sabon likitan?"

Ya 'yan uwa, rahamar Allah tana da faɗi, amma haƙƙin mutum yana hannun mai shi. Mai haƙƙi ɗaya yana kabari, ɗayar ba ta san sunan mijinta ba. Wa zai yafe masa? Hassada ba ta ce maka ka kashe. Cewa take ka yi shiru kawai, na yau ɗaya. Wanda ya ga ɓaraka a kayan ɗan uwansa ya kau da kai don a yi masa dariya, ya sani ba shi ke yanka wa sharrin iyaka ba. In akwai maganar da kake riƙe da ita, faɗe ta yau, tun mai jin ta yana iya ji.

Mutumin ya rasu a sanyin da ya biyo baya, ba wanda ya ce masa na yafe da saninsa.

Allah ya kiyaye mu da hassada, ya kiyaye mu da shirun da ke halaka ɗan uwa, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.