Ɗa Ɗaya, Takwara Uku

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Wannan labarin ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ku ne alƙalai.

A ƙauyen Rafin Ɗinya an yi wani manomi mai suna Haladu, da matarsa Saude. Sau biyu tana ɗaukar ciki yana zubewa, sai na ukun ya zauna har ya isa haihuwa. Naƙuda ta zo mata tsakiyar damina, da hantsi, bayan an kwana ana tafka ruwan da ya tafi da gadar da ke haɗa ƙauyen da birni. Kafin Haladu ya kai ta ƙaramin asibitin garin, jini ya ɓata mata zane.

Malama Dije, nas ɗin da ke riƙe da asibitin, ta fito ta same shi a baranda.

"Malam Haladu, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron mabiyiya ce ta tare wa ɗan hanya. In haka ne, ina sa hannu jini zai ɓalle, ba ni da abin tsayar da shi, sai dai a tsallaka da ita birni a yi mata aiki. In kuma ba haka ba ne, a nan zan karɓi haihuwar, sa ta a kwalekwale cikin wannan ruwan ganganci ne. Sai na ga cikin tukuna."

Asibitin na da na'urar hoton ciki, amma ba ta aiki sai an jona ta da wata tsohuwar laftof, wadda ita kaɗai ke ɗauke da manhajar. Malama Dije ta danna makunni. Fankar cikinta ta yi gurnani, fuskar ta tsaya baƙi ƙirin, sai wani kuka siriri ke fita, ƙiit, ƙiit, ƙiit. Ta kashe ta sake kunnawa. Kukan nan dai. Daga ɗaki Saude ta yi nishi.

To, Haladu na da aminai uku tun suna yara: Mudi mai gyaran kwamfuta, wanda ya koma birni da zama, da Sallau masunci, da Tanimu tela.

Haladu ya fara kiran Mudi a waya. Mudi ya ce ya kanga wayar a jikin laftof ɗin. Ya saurari kukan, ya ce a sake, ya ƙara saurara.

"Ram ne," in ji shi. "Wani ɗan kati ne da take riƙe tunaninta a ciki in tana aiki. Irin wannan tsohuwar guda biyu ne a cikinta. Nemo mini wanda hannunsa ba ya rawa, kai naka ba zai yi ba."

Haladu ya ruga ya kira Tanimu, ya zo da ƙaramin sukudireban keken ɗinkinsa. Mudi na faɗa ta waya, Tanimu na yi. Ya cire batir, ya kife ta, ya kwance murfin ƙasa. Ya zaro katunan biyu, ya goge bakinsu mai ruwan zinare da kilinar fensir, ya hure ƙurar gurbin. Mudi ya ce a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Aka sa na farko shi kaɗai, kukan ya dawo. Aka sa na biyu shi kaɗai, sai fuska ta kawo haske. Haladu har ya fara hamdala. Amma Malama Dije na buɗe manhajar hoton, komai ya daskare, fuskar ta rine shuɗi, ta mutu.

Haladu ya faɗa wa Mudi abin da ya faru. Mudi ya ce kati ɗaya ya mutu, ɗayan kuma shi ma ya kama hanya, sai an samo wani. Kuma irin wannan tsohon samfurin an daɗe da daina kawo shi kasuwa.

Mudi ya zazzage kwalayen shagonsa bai samu ba. Ya bi maƙwabtansa masu gyara shago-shago, kowa ya girgiza kai. Sai ya tuna laftof ɗinsa ta aiki, wadda da ita yake ciyar da gidansa, sa'ar waccan ce. Ya farke ta ya zare nata, bai san ranar da zai sami madadi ba. Ya naɗe shi a leda, ya cusa a robar magani, ya hau babur cikin taɓo har bakin kogi. A nan ya tsaya, don Mudi bai iya ruwa ba.

Kogin kuwa ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da mushen dabbobi. Masu kwalekwale duk sun janye jiragensu kan tudu. Haladu ya sami Sallau a bakin ruwa, ya gaya masa Mudi na tsallake da katin, amma ya kasa ma roƙonsa, don ya san abin da zai roƙa. Sallau ya dube shi, ya tuɓe riga, ya rungumi gorarsa ta kamun kifi.

"In ban dawo ba, ka riƙe mini yarana," ya ce, ya faɗa.

Haladu na tsaye yana kallon kan amininsa yana nitsewa yana ɓullowa, har ruwa ya karya kwana da shi. Can ƙasa sosai Sallau ya fita a tsallake. Ya taka ya iske Mudi, ya ɗaure robar a tsakar kansa da ƙyalle, ya sake shiga. A dawowa wani kututture ya doke shi a haƙarƙari, gorar ta fashe. Mata a bakin gaɓa suka sa salati. Da hannu ɗaya ya ƙarasa, ya kama saiwar wata bishiya, aka jawo shi yana aman ruwa. Robar na nan a kansa, ko ɗigo bai shiga ba.

Lokacin da Haladu ya iso asibiti da gudu, nishin Saude ya yi ƙasa, kuma mutanen gari sun fara shawarar a sa ta a jirgi kawai a bar wa Allah. Tanimu ya karɓi katin ya zura shi a gurbi. Yana dannawa, ɗan ƙarfen da ke maƙale shi, wanda ya tsufa ya gaji, ya karye. Katin ya ɗago. Ya danna, ya sake ɗagowa. Ɗaya gurbin kuma Mudi ya ce kada a yarda da shi, tsatsa ta ci bakinsa.

"Sai dai wani ya danne shi da yatsa," in ji Mudi ta waya. "Amma in ya motsa ko kaɗan tana kunne, za ta mutu, wataƙila katin ma ya ƙone. Ba ni da wani."

Aka rataya zane a tsakiyar ɗakin haihuwa. Tanimu ya durƙusa a bayan zanen, ya juya fuskarsa bango saboda kunyar matar amininsa, laftof ɗin a karkace ta gefe ɗaya, babban yatsansa a kan katin. Malama Dije ta kunna. Ta kawo. Manhajar ta buɗe a hankali kamar ba za ta buɗe ba. Ƙarfen da ke kusa da yatsan Tanimu ya ɗauki zafi, ya yi ta ƙaruwa. Gumi ya shiga idonsa bai share ba. Ƙafarsa ta sage bai gyara ba. Saude ta ƙwalla ƙara dab da kunnensa, ko gezau. Haladu na bakin ƙofa yana kallon yatsan nan.

"Alhamdu lillahi!" Muryar Malama Dije ce. "Mabiyiya na sama, hanya a buɗe take. Ga kan ɗan ya sauko, zuciyarsa na bugawa. Malam Tanimu, saki, ku fita ku ba ni wuri."

Da Tanimu ya ɗaga yatsan, sai ga shi ya ƙone har ya yi bororo. Kafin la'asar Saude ta sauka lafiya, ta haifi ɗa namiji.

Ana gobe suna dangi suka taru a zauren Haladu. Saude ta aiko daga ɗaki cewa da mace ce babu gardama, Dije za a sa mata. Amma namiji ne, kuma Haladu ya riga ya rantse ɗaya daga cikin aminan nan zai yi wa takwara. Wasu suka ce Mudi, don ba don kunnensa ba babu wanda zai san ciwon, kuma ya kashe abin sana'arsa. Wasu suka ce Sallau, don shi kaɗai ya sa ransa, har yanzu ba ya iya kwanciya ta gefen dama. Wasu suka ce Tanimu, don da yatsansa ya goce, da sanin Mudi da wahalar Sallau duk sun tashi a banza. Su ukun kuwa kowa cewa yake a ba ɗan'uwansa. Har dare Haladu bai zaɓa ba, ga liman na jiran sunan da za a raɗa da safe.

To, ku da kuka ji, Mudi ne, ko Sallau, ko Tanimu? Sunan wa ya fi cancanta yaron nan ya ci?